TAƘAITACCEN TARIHIN SARKIN KANO ALHAJI ABDULLAHI BAYERO (SARKI ALHAJI), 1881 – 1953

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imominsa waɗanda ba su ƙidayuwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, da yake Allah ya nufe mu da taruwa a nan Zakirai domin aza harsashin ɗakinsa, an ga ya kyautu a sa wa wannan ɗan littafi tarihin wani bawan Allah daga cikin magabatanmu wanda ya riga mu yin irin wannan aiki. To, duk wanda ya san ƙasar Kano ya san ba sai an yi dogon nema ba. Babban Masallacin Juma'a na cikin birni, mai ƙubba da hasumiya biyu, wanda kusan kowane ɗayanmu ya taɓa sallah a cikinsa ko a harabarsa, aikin Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne, wanda aka fi sani da Sarki Alhaji. Uba ne ga sarakunan Kano biyu, wa ne ga ɗaya, kaka ne ga wani, kuma kakan uba ne ga wani. Amma ba don wannan kaɗai tsofaffinmu suka riƙa ambatonsa kamar yadda ake ambaton mahaifi ba. Dalilin haka shi ne abin da muke so mu bayyana a nan gwargwadon iko.

ASALINSA DA TASHINSA

An haifi Abdullahi Bayero a birnin Kano cikin shekarar 1881, watau 1299 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Abbas, ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, ɗan Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya kafa sarautar Sulluɓawa a Kano cikin 1819. Sunan kakansa aka sa masa, kuma an haife shi ne a ƙarshen zamanin kakan nan nasa, domin bai daɗe da zuwa duniya ba Maje Karofi ya rasu, sarauta ta koma hannun ƙanensa Muhammadu Bello.

Ya yi karatun allo a gida kamar yadda 'ya'yan sarakunan wancan zamani ke yi, sa'an nan ya shiga karatun littattafai a gaban malaman birni. Son malamai da zama da su ya kama shi tun yana yaro, bai kuwa sake shi ba har ƙarshen ransa.

Sai dai ƙuruciyarsa ba ta faɗo cikin zaman lafiya ba. Yana da kimanin shekara 12 Sarki Bello ya rasu cikin 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Maje Karofi ba su yarda ba, suka fice daga birni tare da ɗan'uwansu Yusufu, suka yi sansani a Takai. Wannan shi ne Basasa, yaƙin da ɗan'uwa ya ɗaga wa ɗan'uwa takobi, garuruwa suka ƙone, aka kama 'ya'ya aka sayar. Yusufu ya rasu kafin a ci birni, Aliyu Babba, watau Sarki Alu, ya gaje shi a kan jama'ar, ya shiga Kano cikin 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya cikin 1895. Ƙurar wannan ba ta gama kwantawa ba sai ga mayaƙan Damagaram suna kawo hari arewacin ƙasar Kano, har suka taɓa Gezawa da ke maƙwabtaka da mu. Kakannin kakanninmu na wannan yanki sun ga wannan tashin hankali da idonsu.

Sa'an nan cikin watan Fabrairu 1903 sojan Turawa suka fasa ganuwa suka shiga Kano, alhali Sarki Alu yana hanyar komowa daga Sakkwato. Aka yi karo a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya yi shahada, Wambai Abbas ya komo da sauran jama'a gida. Shi ne Gwamna Lugga ya tabbatar wa sarautar Kano. Ke nan kafin Abdullahi Bayero ya cika shekara 23 ya ga yaƙin gida, ya ga harin maƙwabta, ya ga faɗuwar daular da kakanninsa suka yi wa hidima. A ganinmu, wanda bai san wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa mutumin nan ya zama mai tsananin gudun fitina ba sa'ad da mulki ya zo hannunsa.

ZAMANSA NA CIROMA

Mahaifinsa ya naɗa shi Ciroman Kano. A lokacin ne Turawa suka canja tsarin mulkin ƙasa: dā hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zuwa ƙauyuka karɓar haraji, sai aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin talakawansa. Ciroma Abdullahi aka ba ƙasashen da ke kewaye da birni, ya zauna a Dawakin Kudu, daga baya ya koma Fanisau cikin 1914, kana ya riƙe Bichi.

Shekara fiye da ashirin ya yi yana wannan aiki, kuma a nan ya koyi abin da ba a koyo a cikin soro. Ya san yadda ake ƙidayar masu biyan haraji da auna gonaki, ya san rigimar iyakar gona da ta makiyayi da manomi, ya san halin dagatai da masu unguwanni, nagari da mugu. Yana hakimi jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, manoma suka fara ganin kuɗi irin wanda ba su saba gani ba. Yana hakimi kuma aka yi babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta kashe mutane masu yawan gaske a ƙasar Kano da arewacinta, ya ga abin da ke faruwa ga talaka idan damina ta ƙi alhali rumbu ba kome.

Cikin 1919 Allah ya yi wa Sarki Abbas rasuwa. Mutane da yawa sun zaci Ciroma ne zai gaji mahaifinsa, ga shi babban ɗa, ga sanin aiki. Amma aka ba baffansa Usman, ɗan Maje Karofi, wanda a lokacin ya riga ya tsufa. Ciroma ya yi mubaya'a, ya koma ƙasarsa ya ci gaba da aikinsa shekara bakwai, ba a ji wata rigima ta taso daga wajensa ba. Wanda ya tuna cewa shekara ashirin da 'yan kai kafin wannan an zubar da jini a Kano saboda irin wannan magana, zai san nauyin haƙurin da ya yi.

HAWANSA GADO

Sarki Usman ya rasu cikin 1926, aka naɗa Ciroma Abdullahi Bayero Sarkin Kano yana da shekara 45, aka ba shi sanda cikin watan Fabrairu 1927. Shi ne na goma a jerin sarakunan Fulani na Kano, in an fara ƙirga daga Sarki Sulaimanu.

Abu na farko da ya fuskanta a cikin gidansa yake. A zamanin Sarki Usman, saboda tsufa da rashin lafiya, al'amura da yawa sun koma hannun manyan bayin sarki da cucanawa, har ya zama ba a kai wa ga sarki sai ta hannunsu. Sarki Abdullahi ya rage musu iko, ya 'yanta bayin gidan sarauta. Aka tsara majalisa wadda kowane ɗan majalisa ke da aikin da aka ɗora masa: Waziri Gidado a kan al'amuran shari'a, Madaki a kan hakimai da ƙasashensu, Galadima a kan birni, Ma'aji a kan baitulmali. Ƙanensa Abdulƙadir ya naɗa Galadima, ƙanensa Muhammadu Inuwa kuwa Turaki, babban ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi a sarautar Ciroma da ƙasar Bichi. Gaskiya ne Turawa ma suna son wannan gyara don amfanin mulkinsu. Amma ba kowane sarki ne zai yarda ya raba ikonsa ga majalisa ya kuma bar ta ta yi aikinta ba. Shi ya yarda.

RUWA DA WUTA

A wancan zamani baitulmalin Kano ya fi na kowace En'e a ƙasar Arewa ƙarfi, har akwai rarar kuɗi masu yawa a ajiye. Ya kamata mu faɗi inda kuɗin nan suka fito, domin ba daga sama suka faɗo ba. Harajin talakawa ne da jangalin Fulani. Gumin manomin gero da dawa da gyaɗa ne na irin ƙasarmu ta Gabasawa da Gezawa da Minjibir da sauran ƙasashen hakimai, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta sai dai a ciyar da ita da taki. Tambayar da ke gaban sabon sarki ita ce, me za a yi da dukiyar jama'a?

Cikin 1927 ya kawo shawarar a kashe rarar nan wajen jawo ruwan famfo da wutar lantarki domin mutanen birni. Kafin wannan lokaci, mutanen Kano rijiyoyi da kududdufai suka dogara da su, kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwan damina ya kwanta a ciki, a yi wanki a ciki, dabba ta sha, sauro ya yi gida. Ma'aikatar ayyuka ta Gwamnati ba ta so wannan shawara ba, tana ganin aikin ya fi ƙarfin En'e. Sarki da majalisarsa suka dage, aka ba da aikin, aka kafa injuna a bakin kogin Challawa, aka shimfiɗa bututu har birni. Cikin 1931 aka buɗe. Kano ta zama gari na farko a ƙasar Arewa da talakawa suka sami ruwan famfo da lantarki da yawa haka.

Wani abin mamaki shi ne, da ruwan ya zo, ba kowa ne ya yi murna ba. Aka baza jita-jita cewa ruwan Nasara ne, wanda ya sha imaninsa zai raunana. Sai da aka ɗauki lokaci, mutane suka ga sarki da malamai suna sha suna alwala da shi, kafin zukata su kwanta. Mai karatu na iya yin murmushi, amma a tuna mutanen nan shekara 28 kacal ke nan da ganin Turawa sun shigo musu gari da igwa. Ba su da dalilin amincewa da abin da ya fito daga hannunsu sai in wanda suka amince da addininsa ya shige gaba. Wannan shi ne babban amfanin da Sarki Abdullahi ya yi wa jama'arsa a zamanin da ba shi ne mai cikakken iko ba: ya tsaya tsakaninsu da baƙon abu, ya tace, abin da ya ga ba ya cutar da addini ya karɓa ya miƙa musu.

A zamaninsa ne kuma asibitin cikin birni, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad, ya kafu ya bunƙasa. Mu kuma a nan rabonmu ya zo ta wata hanya. A farkon sarautarsa aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta bi ta Jogana da Zakirai da Ringim, ta kai Nguru cikin 1930. Tashar nan ita ta mai da garinmu wurin awon gyaɗa, 'yan baranda da wakilan kamfanoni suka riƙa sauka da kaka, buhunan da aka loda a nan suka shiga cikin dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita. Attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata sun sami goyon bayan sarki ƙwarai wajen shiga wannan ciniki kafaɗa da kafaɗa da kamfanonin Turawa da Kwarori.

Kada kuma a ɗauka shekarun nan duka na daɗi ne. An yi yunwa cikin 1927. Daga 1929 kasuwar duniya ta faɗi, kuɗin gyaɗa ya karye, haraji kuwa da kuɗi ake biyansa ba da hatsi ba, sa'an nan ga fara ta yi ta sauka a farkon shekarun 1930. Magidanta da yawa sun sayar da akuya da ɗan abin da suka ajiye don su sami takardar haraji. Famfon birni bai iso ƙauye ba. Duk wanda zai yabi ayyukan wancan zamani, to, ya haɗa da talakan da ya biya.

HIDIMARSA GA ILMI

Idan aka tambayi malamai abin da suka fi tunawa da Sarki Alhaji, ba ruwa za su fara ambata ba, makaranta za su ce. Ya lura cewa alƙalai da muftai da malaman kotu suna bukatar karatu mai tsari, domin shari'a amana ce, jahilcin alƙali kuwa a kan marayu da gwauraye yake ƙarewa. Saboda haka tun cikin shekarunsa na farko a kan gado aka kafa makarantar shari'a ta Shahuci, aka ba amininsa Malam Sulaimanu riƙonta, wanda daga baya ya zama Ma'aji, kana ya zama Walin Kano na farko.

Cikin 1934 ya yi tafiya zuwa Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman, suka gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar. A wannan shekara ce aka buɗe Makarantar Koyon Shari'a ta Arewa a Kano, aka ɗauko mata malamai daga ƙasar Sudan. En'o'in Arewa suka riƙa aiko da ɗalibansu daga Sakkwato da Borno da Zazzau da Ilori da Adamawa. Cikin 1947 aka faɗaɗa ta, aka mai da ita Makarantar Nazarin Larabci, wadda aka sani da S.A.S. Da wuya a sami wata babbar kotun shari'ar Musulunci a Arewa a shekarun da suka biyo baya wadda ba ɗalibin wannan makaranta a kan buzunta. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, a nan ya yi karatu.

Bai ƙi karatun boko ba. Makarantar Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, cikin 1927 aka kafa ta, makarantar 'yan mata kuwa cikin 1930, ya kuma sa 'ya'yansa a makaranta don hakimai da talakawa su gani su yi koyi. Malaman zaure kuma ba a bar su a baya ba. Zamaninsa ne zamanin Malam Muhammadu Salga da almajiransa, da malaman Madabo, kuma ko da yake an sami saɓani mai zafi a tsakaninsu a kan wasu mas'aloli, ba a kai ga fitinar da ta fi ƙarfin hukuma ba.

HAJJINSA DA GININ MASALLACI

Cikin 1937 Sarki Abdullahi ya tafi aikin hajji, tare da ƙanensa Galadima Abdulƙadir da Malam Sulaimanu. Shi ne Sarkin Kano na farko da ya sauke farali yana kan gado, abin da ya sa aka yi masa laƙabi da Sarki Alhaji. A cikin sarakunan Arewa kuwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya riga shi, tun 1921.

Yaran yanzu da suke ganin ana tashi daga filin jirgin sama na Kano da safe a yi la'asar a Jidda ba za su san girman kalmar Alhaji a wancan zamani ba. Galibin maniyyata ta ƙasa suke bi, ta Borno da Cadi da Darfur, su yada zango a Sudan su yi noman auduga ko wani ƙwadago su tara guzuri, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya. Wani shekara biyar, wani goma, wani ba ya komowa sam. Mai niyya yakan yi sallama da iyalinsa irin sallamar wanda ba ya sa ran a sake ganawa. Ga sarki kuwa akwai ƙarin wani abu, domin barin gado wata da watanni ba ƙaramin haɗari ba ne, sai wanda ya amince da majalisarsa da talakawansa.

A wannan tafiya ya haɗu da Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta ƙasar Sanagal, ya gayyace shi Kano. Shaihun ya amsa, ya kuma zo daga baya, abin da ya zama mafarin alaƙa mai tsawo tsakanin malaman Tijjaniyya na Kano da Kaulaha.

Bayan ya gama aikin hajji ya biya ta Masar, ya ga masallatan Alƙahira. Abin da ya gani can, da abin da ya gani a Makka da Madina, ya tsaya masa a rai. Kano tana da masallacin Juma'a tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma kakansa Maje Karofi ya sabunta ginin a ƙarni na 19. Amma ginin ƙasa ne, na tubali da azara. Duk wanda ya taɓa riƙon ginin ƙasa ya san halinsa: kowace shekara sai an yi yaɓe, damina ɗaya in aka yi sakaci sai bango ya tsage, gara ta ci azara. Ga shi kuma gari ya cika da baƙi saboda ciniki, masallaci ya yi wa jama'a kaɗan. Sarki ya komo da niyyar gina wa Kano masallacin da zai daɗe.

Niyya ba ta cika nan da nan ba. Shekara biyu da komowarsa Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, daga 1939 har 1945. Siminti da ƙarfe da duk abin da ake kawowa ta teku suka yi wuya, hankalin hukuma ya koma ga ɗaukar soja da neman gyaɗa da tara gudummawar yaƙi. Sarki yana ta tsufa, mutane suna ganin ko Allah zai nuna masa ƙarshen aikin. Bai janye ba, bai kuma rage girman abin da ya yi niyya don a gama da wuri ba. Da yaƙi ya ƙare aka mai da hankali ga gini a ƙarƙashin En'e ta Kano, a nan daura da Gidan Rumfa, har Allah ya sa aka kammala cikin 1951. Daga ganin masallatan Masar zuwa ranar da aka yi sallah a cikin nasa, shekara 14 ke nan, yana da shekara 70 a duniya.

Ba a taɓa ganin irinsa ba a ƙasar Arewa a lokacin. Mutane suka riƙa tasowa daga ƙauyuka, wasu a ƙasa, wasu a kan jaki, wasu a jirgin ƙasa, don kawai su yi Juma'a a cikinsa su koma su ba da labari. A lokacin kuwa shi kaɗai ne masallacin Juma'a a birnin Kano, saboda haka ranar Juma'a sahu yakan cika ciki ya malalo fili, attajiri da ɗan dako kafaɗa ɗaya. Masallatan Juma'a masu ƙubba da hasumiya da suka yi ta tashi a garuruwan Arewa bayan wannan, da yawansu da shi aka yi koyi.

ƘARSHEN ZAMANINSA

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da sabon abu wanda ba a san shi ba a dā, watau siyasar jam'iyyu. Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama shugabanta daga baya. Kukansu shi ne zaluncin da ake yi wa talaka da sunan En'e: aikin tilas, cin hanci a wajen wasu hakimai da dagatai da 'yan doka, da ɗaurin da ba bisa ƙa'ida ba. Ba za mu ce kukan nan ba shi da tushe ba, domin iyayenmu sun ba mu labarin abin da suka gani. A lokacin sarki ya tsufa ƙwarai, yawancin gudanar da mulki ya koma hannun Ciroma Sanusi da sauran 'yan majalisa, kuma 'yan NEPU da yawa sun sha wuya a hannun hukuma. Duk da haka ana ba da labari cewa da aka kawo masa ƙarar samarin nan, abin da ya nuna shi ne a fara duba gida, domin a ganinsa yara ba za su tashi su yi wa manya tsaye ba sai in manyan sun yi wani kuskure. Har a cikin waɗanda suka yi adawa da tsarin En'e, da wuya a sami wanda ya tuhumi shi kansa sarkin da cin dukiyar jama'a ko son duniya.

Cikin watan Mayu 1953 aka yi tarzoma a Kano tsakanin mutanen Arewa da na Kudu, a tsakanin Fagge da Sabon Gari, a kan saɓanin da ya taso a majalisar Ikko game da lokacin da za a karɓi mulkin kai. An yi kwana huɗu ana ɗauki ba daɗi, aka yi hasarar rayuka da dama. Mutumin da ya buɗe ido da Basasa, sai ga shi a ƙarshen ransa ya sake ganin jini a garinsa.

Bayan wata bakwai, cikin Disamba 1953, Allah ya karɓi ransa, yana da kimanin shekara 72, bayan ya yi shekara 27 yana sarautar Kano. Aka binne shi a gidan sarki na Nasarawa.

ZURIYARSA

Babban ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi, ya yi sarauta har 1963. Daga nan ƙanensa Muhammadu Inuwa ya hau, ya yi 'yan watanni ya rasu. Sai ɗansa Ado Bayero, wanda aka haifa cikin 1930, ya riƙe shugabancin 'yan dokan En'e ta Kano, ya yi jakadan Nijeriya a Sanagal, aka kira shi daga can aka naɗa shi cikin Oktoba 1963. Ya yi shekara 50 da 'yan watanni a kan gado har rasuwarsa ranar 6 ga Yuni 2014, kuma a zamaninsa an buɗe masallatan Juma'a masu yawa a birni da ƙauyukan Kano. An naɗa Muhammadu Sanusi na Biyu, jikan Sarki Sanusi, cikin 2014, an kuma naɗa Aminu ɗan Ado Bayero cikin 2020. Ban da waɗannan, 'ya'yansa da jikokinsa da yawa sun riƙe sarautu da ƙasashe, wasu sun yi aikin gwamnati, wasu malanta, wasu kasuwanci.

Akwai kuma wata zuriya tasa wadda ba ta jini ba. Cikin 1960 aka buɗe wani sashe na karatu mai zurfi a cikin makarantar nan ta S.A.S., aka sa masa sunan Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Da aka kafa jami'a a Zariya cikin 1962 ta ɗauki sunan Sardauna, sai aka mai da ta Kano Kwalejin Abdullahi Bayero. Ita ce ta zama cikakkiyar jami'a cikin 1977, Jami'ar Bayero ta Kano, inda 'ya'yan manoman Zakirai da na sauran ƙasar Gabasawa suka yi karatu suka fito malamai da alƙalai da likitoci.

Allah ya jiƙan Sarki Alhaji, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, tare da iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu gidan gaskiya. Amin.